Ƙullutu a mama: me sikanin ke nunawa?

Ɗalibar jinya: Likitoci, don Allah a hoton sikanin yaya ake bambance ƙullutu mara illa da na sankara?

Likitan hoto: Mara illa yakan fito kamar ƙwai, a kwance, gefensa sumul. Ƙunshin ruwa baƙi ƙirin ne, bayansa da haske. Na sankara yakan miƙe tsaye, gefensa da tsinke-tsinke, yana jefa inuwa a bayansa. A duba kaluluwar hammata ma.

Ma'aikacin na'ura: Kan na'urar duba ciki mai 3.5 MHz (MHz ma'aunin saurin kaɗawar sautin da na'urar ke aikawa ne) bai dace da mama ba, ƙananan ƙullutai sukan ɓuya masa. A sa miƙaƙƙen, mai kamar 10 MHz.

Likitar fiɗa: Ƙanwata, wata sankarar sumul take fitowa. Idan rahoto ya ce BI-RADS 3, wato mataki na 3 a ma'aunin da likitocin hoto ke nuna yiwuwar sankara da shi, a maimaita hoton bayan wata 6. Mataki na 4 ko 5 kuwa sai an tsakuro nama da allura an kai ɗakin gwaji.