Shafi ya sauko daga sahun farko a Google: sabuntawa ce ko wata matsala?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Don Allah masana wannan harka a warware mana. Kullum sai a ce Google ta sabunta tsarinta, shafin wane ya sauko daga sahun farko, masu ziyara sun ragu da rabi. Ana ta ambaton Panda da Penguin. Me suke nufi, kuma ta yaya mai shafi zai gane sabuntawa ce ta kayar da shi?

Malam Na Kusa:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Sai an koma tushe. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabararsu ita ce PageRank: duk mahaɗin (link) da wani shafi ya yi zuwa naka tamkar ƙuri'a ce, kuma ƙuri'ar babban shafi ta fi ta ƙarami nauyi. Da mutane suka gano haka sai aka shiga sayen mahaɗai, ana cusa kalma ɗaya sau hamsin a ƙasan shafi, wani lokaci da farin rubutu a kan farin fili don mai karatu kada ya gani. Sabuntawar Florida ta Nuwamba 2003 ce ta fara yi musu dirar mikiya, ana gab da cinikin Kirsimeti, shi ya sa 'yan kasuwar intanet na Amurka suka ji ta a jikinsu.

Panda ta zo a Fabrairu 2011, ta taɓa kusan kashi 12 cikin ɗari na binciken da ake yi a Amurka. Ita ruwanta da rubutu: gajerun maƙaloli marasa nama, kwafe-kwafe, talla ta fi bayani yawa. Abin da ya fi zafi, shafin gaba ɗaya take aunawa. Idan kana da maƙala 40 masu kyau da tarkace 400, tarkacen za su ja masu kyan ƙasa.

Penguin kuwa, 24 ga Afrilu 2012, mahaɗai ta sa a gaba: na saye, na musanye, da waɗanda ake zubawa a sharhin shafukan mutane da kalma iri ɗaya. A wancan zamani ko ka gyara ba ka tashi sai an sake kunna ta, kuma daga Oktoba 2014 zuwa Satumba 2016 ba a sake ba. Kusan shekara biyu mutane na zaman jira. Daga 2016 ta koma aiki kullum, kuma yawanci sai dai ta ƙi ƙirga mugun mahaɗin maimakon ta hukunta shafin.

Hajiya Mai Kwamfuta:
Malam ya ba da tarihi, ni bari in zo kan bincike, domin sau da yawa ana ɗora wa Google laifin da ba nata ba.

Buɗe Search Console, wato manhajar Google da ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike. Tana ajiye bayanan wata 16, saboda haka gwada makonni huɗun nan da irinsu na bara, ba na watan jiya kawai ba. Shafin girke-girke yana cika a azumi ya sauka bayan salla, mai kawo labarin JAMB yana tashi lokacin fitar sakamako. Wannan yanayi ne, ba hukunci ba.

Daga nan duba sashen hukuncin da ma'aikatan Google ke yi da hannu. In akwai, za ka ga saƙo ƙarara, ka gyara ka nemi a sake dubawa. Sabuntawa ba ta aiko da saƙo.

Sai siffar faɗuwar. Idan layin da ke nuna yawan masu ziyara ya yanke tsaye ya nufi sifili cikin 'yan kwanaki, fara zargin na'ura: alamar noindex (mai gaya wa Google kada ta saka shafi a sakamako) da aka manta, fayil ɗin robots.txt da ya rufe ƙofa, ko akwatin nan na WordPress (manhajar gina shafi) mai hana injin bincike shiga da ake dannawa lokacin gina shafi a mance a cire. Idan matsayi bai motsa ba amma dannawa ta ragu, to mai yiwuwa amsar ce Google ke nunawa a saman sakamako, mutane ba sa buƙatar shigowa. Idan kuwa matsayi ya zame daga 3 zuwa 15 a maƙaloli da yawa, kuma ranar ta zo daidai da wadda Google ta sanar a shafinta na Search Status Dashboard, nan ne za a ce sabuntawa ce. Ko a nan ma ka bari ta kammala, ka ƙara mako guda kafin ka yanke hukunci. Ta Maris 2024 kwana 45 ta ɗauka, matsayi na ta hawa da sauka a tsakani.

Abu Sayyid:
Ƙari a kan na Malam. Bayan Penguin hankali ya koma ga fahimtar abin da mai bincike ke nufi: Hummingbird a 2013, RankBrain a 2015, BERT a Oktoba 2019. Tun daga nan maimaita kalma bai da amfani. Waya ma ta shigo, daga 21 ga Afrilu 2015 aka fara fifita shafin da ke karantuwa a waya, yanzu kuma fuskar wayar ce Google ke dubawa. Ma'aunin sauri uku ne: babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafi ya amsa taɓawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, kuma makin zamewar rubutu lokacin da talla ke buɗewa kada ya wuce 0.1. Amma kada a ba su nauyin da ba su da shi, sauri ba ya ceton rubutun banza.

Abin da ke damuna da shafukanmu na Hausa shi ne labari ɗaya sai ka gan shi a wuri goma, har da kuskuren rubutunsa. Google ɗaya za ta zaɓa ta ɓoye sauran. Kuma tun Maris 2024 zuba ɗaruruwan maƙaloli don neman matsayi kawai ya shiga jerin laifuka, mutum ne ya rubuta ko na'ura.

Ɗan Birni:
Allah ya saka da alheri. To Hajiya, in an tabbatar sabuntawa ce, goge tsofaffin maƙalolin za a yi?

Hajiya Mai Kwamfuta:
A'a, kada ka yi gaggawar gogewa. Fitar da maƙaloli 20 da suka fi asarar masu ziyara, ka rubuta kalmar kowacce a Google, ka karanta ukun da suka wuce ka, ka ga abin da suka amsa wanda kai ba ka amsa ba. Inda kake da gajerun maƙaloli biyar a kan batu ɗaya, haɗe su su zama guda mai ƙwari, ka juya tsofaffin adireshin zuwa sabon da lambar 301, mai nuna cewa shafin ya koma can dindindin. Wanda aka kwafo kuma ba abin da za a ƙara masa, shi za a cire. Canza kwanan wata ba tare da taɓa rubutun ba ɓata lokaci ne. Ka rubuta ranar kowane gyara a littafi, domin farfaɗowa na iya ɗaukar watanni, wani lokaci sai babbar sabuntawa ta gaba ta zo.