Ɗalibata ta koma talla, ga jarrabawa ta matso

Assalamu alaikum, malamai 'yan uwa. Ina koyar da 'yan aji 6 a wata firamaren gwamnati a ƙauye. Zangon da ya wuce muka gayyato wata ungozoma, tsohuwar ɗalibarmu, ta zo cikin farar rigarta ta yi wa yara magana. Har ta saƙala wa yarinyar da ke zuwa ta ɗaya abin sauraron bugun zuciya a kunne. Tun ranar yarinyar nan ba ta da zance sai aikin asibiti.

To, mun sa sunanta cikin masu rubuta jarrabawar NECO ta shiga sakandaren gwamnatin tarayya, amma sati 3 ke nan ban sa ta a ido ba. Uwar ta ɗora mata tallan awara, wai da ribar ake tara kayan ɗaki. Sau 2 ina zuwa gidan. Ta karɓe ni da mutunci, har da ruwan sanyi, ta ce ba ƙi ta yi ba, babu ce. Uban kuma ya tafi cirani Legas.

Hedimasta ya ce a kai maganar wurin mai unguwa. Ni kuwa ina tsoron kada su ɗauka ƙararsu na kai, su cire ta gaba ɗaya.

Don Allah wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ta ina ya ɓullo? Liman zan fara samu, ko in roƙi a mayar da tallan bayan la'asar?