Ɗana ya daina magana a gida, malaminsu kuma yana so ya sa shi a wasan kwaikwayo

Maman Sadik, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ɗana na fari shekararsa 13, yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Tun da kakarsa ta rasu bara da azumi, wadda a hannunta aka yaye shi, yaron nan ya zama kamar ba shi ba. Ranar rasuwar ko ɗigon hawaye bai zubar ba. In ya dawo makaranta sai ɗaki, ka tambaye shi me ke damunsa ya ce "ba komai". Ƙaninsa kuwa ya kuskura ya taɓa masa kaya, sai duka. Shekaranjiya malamin Hausarsu ya kira ni, ya ce za su yi wasan ƙarshen zango mai waƙoƙi a ciki, Sadik ne zai fito a maraya mai tallar gyaɗa. Wai a wajen gwaji yana cikin rera baitinsa murya ta sarƙe, ya durƙusa yana kuka. Babansa ya ce wasa ba karatu ba ne. Ni tsorona kada a fama masa ciwo. In bar shi ko in cire shi?

Malama Asabe, Bukuru:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya. Maman Sadik, don Allah ki bar shi. Shekarata 16 ina koyar da 'yan wannan ajin. A shekarun nan zuciya kan riga hankali girma, domin sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki bai gama nuna sai an haura shekara 20. Yaro na jin abu na cin sa, amma bai san sunansa ba, ga kunyar kada a ce namiji yana kuka. Da aka ba shi maraya, aron baki aka ba shi. Idan ya yi kuka, ai maraya ne ya yi, babu mai masa dariya. Roƙona ɗaya: kada ki ce masa "na ji ka yi kuka". Yana jin haka zai koma cikin ƙoƙonsa. Ki kuma gaya wa malamin muryar yaro kan fashe a wannan lokaci, ya sauko masa da muryar waƙar ƙasa-ƙasa, don muryar da ta kuɓuce a gaban jama'a kan hana yaro sake buɗe baki.

Baba na Gangare:
'Yata, mu da tashe muka tashi. Azumi na kwana goma sai mu manna gemun auduga, mu cusa tsumma a ciki, mu bi gida-gida. Wanda ya taɓa kwaikwayon tsoho mai dogara sanda ya san ciwon gwiwa tun kafin ya same shi. Amma maigidanki ma yana da hujja. Ki karɓi takardar wasan ku karanta tare, ki san da wa yake gwaji, kada a ci lokacin Islamiyya, kuma magariba ta yi masa a gida. Kin san halin garin namu na Jos.

Hauwa, Farin Gada:
Anti, ni wasan kwaikwayo na karanta a Jami'ar Jos. Irin wanda ake rera zance a cikinsa Turawa na kiransa opera, a Italiya ya samo asali wajen shekarar 1600, kuma a ƙasar Yarbawa Hubert Ogunde ya fara nasa salon tun 1944. A ganina, abin da ya sa waƙa ta fi magana taɓa yaro shi ne numfashi. Kalmar da za ka faɗa ka wuce, a waƙa dole ka ja ta, ka tsaya a kanta har iska ta ƙare. Nan abin da aka danne yake tasowa. Sannan ba shi kaɗai ba ne, akwai 'yan amshi a bayansa, dole ya saurare su, su ma su jira shi. Sai dai ban ce wasa magani ba ne. Idan ya daina cin abinci ko barci, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, ku kai shi wajen likita, kada a jira.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi shawararka, na kawo takardar, babansa ya karanta bayan isha'i ya ce a bar shi, da sharaɗin jarrabawa kada ta yi ƙasa. Jiya da daddare, ga sanyin nan na Jos, ina wanke-wanke sai ga Sadik a ƙofar kicin. Ya ce malam ya ce kowa ya zo da kayan wasansa, ko farantin Hajiya mai fure yana nan? Na ciro shi daga ƙasan akwati, gefensa duk ya ɓantare. Ya riƙe ya daɗe yana shafa shi da yatsa, sannan ya ce, "Umma, wace waƙa take yi mini in za ta ba ni fura?" Na ajiye soso na rera masa. Rabi na tuna, shi ya ƙarasa sauran.