Neman kalmar Hausa: me za mu kira aikin ƙarshe a ramin binciken kufai?

'Yan'uwa masu bibiyar wannan zaure, kalmar da ke gabanmu yau ita ce kalmar Turanci backfilling, wadda ɗaliban binciken kufai suke ji a bakin malamansu a makon ƙarshe na koyon aiki a fili. Wata ɗaliba daga Zariya ce ta kawo tambayar, domin an ɗora mata yi wa mutanen ƙauyen da suka yi tono a gonarsu bayani da Hausa kafin su tattara kayansu su tafi. An riga an kawo shawarwari huɗu: binnewa, rufe rami, ciko, da mayar da ƙasa. Kafin a zaɓi ɗaya, ya kamata a fara sanin aikin kansa, tunda sau da yawa rashin sanin aiki ne ke haifar da sunan da bai dace da shi ba.

Idan tono ya kai ƙarshe, ana share ramin da buroshi har sai kowane launi na ƙasa ya fito fili a jikin bango, sannan a zana bangon a takarda, a ajiye sandar awo da kibiyar da ke nuna arewa, a ɗauki hoto. Bayan haka ana shimfiɗa leda mai kauri ko tamfol a gindin ramin da gefensa, wasu kuma sukan jefa kwabon wannan zamani ko kwalba mai ɗauke da takardar kwanan wata, domin duk wanda ya sake buɗe wurin nan gaba ya gane inda na baya suka tsaya. Daga nan sai a ɗauki shebur da baro da kwanon sarki a fuskanci tulin ƙasar da aka fitar, wadda an riga an tankaɗe ta a rariya an tsince guntun tukwane da gawayi da ƙasusuwa. Jar ƙasa da duwatsu su ne ke fara komawa, ana zubawa ana tattakawa, baƙar ƙasar sama kuwa, wadda tun ranar farko aka ware ta gefe guda, ita ce ta ƙarshe, domin da ita mai gona zai shuka cittarsa ko dawarsa. Ana kuma barin wurin da ɗan tozo, saboda ƙasar da aka tona tana ƙara yawa, kuma sai ruwan damina ya dake ta sannan ta zauna daidai da sauran gonar.

Binnewa ba ta daɗe a muhawarar ba. Abin da ake binnewa shi ne wanda aka sa a rami da nufin ya ɓace wa ido, ko gawa ko dukiya, kuma idan baƙi suka gaya wa mai unguwa cewa gobe za su yi binnewa a gonar wani, tambayar da za ta biyo baya ita ce me za su binne. Rufe rami kuwa ya yi faɗi da yawa, domin wanda ya ɗora kwano ko katako a bakin rami ya danne da dutse shi ma ya rufe shi, kuma masu tono suna yin hakan idan aka tashi aiki da yamma. Wannan wani aiki ne dabam, kuma sunan ya fi dacewa da shi.

Ciko ita ce ta fi samun magoya baya, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Kowane magini a Rigasa ko Kawo ya san ciko, gajeriyar kalma ce, kuma lebura ba ya bukatar a fassara masa ita. Wani malami a cikinmu ya ƙara da cewa a iya cewa cikon tono idan ana tsoron ruɗani. Sai dai a ganina akwai matsala biyu. Ta farko ƙarama ce: cikon magina yawanci da ƙasar da tifa ta kawo daga wani wuri ake yin sa, alhali a nan ƙasar ramin ce take komawa inda ta fito.

Ta biyu ita ce babba, kuma ƙasar Nok da ke kudancin jihar Kaduna tana nuna ta sarai. A 1928 aka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, daga baya Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kufai, ya gane cewa irin waɗannan kayan na al'umma ɗaya ce. Tun daga 2005 masu bincike na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, suka yi ta tono a yankin, musamman kewayen Janjala a ƙaramar hukumar Kagarko, kuma bincikensu ya kai farkon wannan al'ada zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da yawa daga mutum-mutumin da suka samu a farfashe suke, a cikin ramukan da mutanen wancan zamani suka haƙa suka kuma cike da kansu. Wannan tsohuwar ƙasa da ta cike ramin tun shekaru dubu biyu ko fiye, ita ce shaidar da mai bincike yake nema, tunda gawayin cikinta ne ake aunawa a san shekarun wurin. Ita ma tana bukatar suna a Hausa, kuma babu sunan da ya dace da ita kamar ciko. Idan muka ba ƙasar da ɗalibai suka zuba bara wannan suna, to ranar da aka rubuta a rahoto cewa an sami guntun tukunya a cikin ciko, mai karatu ba zai san ko tukunyar ta kwana a wurin tun zamanin Nok ba ne ko kuwa ta kuɓuce wa rariya ne ta koma da baro. A wannan fanni bambancin nan shi ne ke raba shaida da abin da ba shaida ba.

Saboda haka ni ina tare da mayar da ƙasa. Kalmar mayarwa tana ɗauke da ma'anar cewa abu ya koma inda ya fito, kuma tana da ƙamshin amana, kamar yadda ake mayar da abin aro, wanda kuwa shi ne ainihin matsayin mai tono a gonar da ba tasa ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa ta hana tono ba tare da izinin hukumar ba, amma manomi ba takardar izini yake dubawa ba. Masu haƙar sata, waɗanda suka lalata wuraren Nok masu yawa domin sayar da mutum-mutumi a ƙasashen waje, suna barin ramukansu a buɗe, ruwa ya zaftare bangonsu, dabba ta faɗa ta karye. Ɗaliban da suka ce za su mayar da ƙasa, suka kuma mayar, sun bambanta kansu da waɗancan ta hanyar da kowa zai gani.

An kawo suka biyu a kan wannan zaɓi. Wani ya ce a maƙabarta ma ana cewa a mayar da ƙasa bayan an jera itace, kuma gaskiya ne, sai dai wannan ya nuna cewa Bahaushe ya riga ya san furucin da ma'anar da muke nema, ba tare da ya keɓe shi ga jana'iza ba, tunda mai shimfiɗa bututun ruwa ma haka yake faɗa. Wata kuma ta lura cewa a rubuce ƙasa tana iya nufin Najeriya, har mai karanta kanun labari ya zaci maganar siyasa ce. Wannan suka ce mai kyau, kuma maganinta shi ne a rubuta mayar da ƙasar tono a karon farko, daga nan a taƙaita.

Matsayar da nake ba da shawara a kai ke nan: aikin shi ne mayar da ƙasar tono, abin da aka tara a gefen rami shi ne tulin ƙasar tono, wadda ta koma ramin a ce mata ƙasar mayarwa, ciko kuma a bar wa tsohuwar ƙasar da aka tarar a ramukan mutanen da. Malama mai tambaya, ki gwada waɗannan a gaban leburorinku da mai gonar, ki dawo mana da wadda bakinsu ya karɓa da wadda suka sauya.