Rangadin kwana 4 a Girka da tsohuwa mai ciwon gwiwa: zai yiwu?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum jama'a. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya aiko mini da tsarin rangadi na kwana 4 cikin kar: a tashi daga Atina, a bi Koranti, Efidaurus, Mikene, Olimfiya, Delfi, a ƙare da gidajen zuhudun Meteyora. Ina so in haɗa shi da tafiyar sarin kaya Santambul, tare da mai ɗakina da Inna. Inna ta haura 65, gwiwa na damunta. Ina ne hawa ya yi yawa? Me zan tambayi kamfanin kafin in biya? Batun abinci da salla fa?

Malamin Tarihi, Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Zai yiwu, amma sai an zaɓa mata inda za ta hau da inda za ta zauna a inuwa ta jira. Da yawa daga gine-ginen tsofaffin Girkawa masu daraja a bisa tudu suke.

Mafi sauƙi Olimfiya. Shimfiɗaɗɗen wuri ne mai itatuwa, har filin tseren, mai tsawon mita 192, ana shigarsa ba tare da an taka matakala mai yawa ba. Nan aka fara wasannin Olimfik a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa. Efidaurus ma ba laifi: dandalin wasan kwaikwayonsa na ɗaukar mutum wajen 14,000 a sahu 55, amma ba dole a hau ba. Inna ta zauna a sahun ƙasa, ku ku hau can ƙoli, ɗan jagora zai tsaya a tsakiya ya tafa hannu ko ya yar da kwabo, ku ji ƙarar tar kamar a kunnenku. Mashigin ruwan Koranti kuwa tsayawar 'yan mintoci ce a kan gada, a leƙa ƙasa a ɗauki hoto a wuce.

Mikene da Delfi su ne masu cin ƙafa. A Mikene a kai ta Ƙofar Zakuna, ba nisa daga mashiga, ta tsaya nan. Daga ƙofar zuwa kufan fada hawa ne bisa dutsen da ƙafafu suka goge ya yi santsi. Delfi a jikin tsaunin Farnasos take, hanyar tana karkacewa tana hawa, haikalin gunkinsu Afolo a tsakiya, dandali a samansa, filin tsere can ƙurya. Matasa ma haki suke kafin su kai. Gidan adana kayan tarihin wurin yana gefen titi, da sanyi, da wurin zama. Ni a ganina wanda ya shiga nan ya ga mutum-mutumin tagulla na mai tuƙa keken doki bai yi asarar Delfi ba.

Akrofolis, tudun tsofaffin haikalai na Atina, galibi ba ya cikin waɗannan kwana 4, a duba. In za ku je da kanku, tikiti yuro 30 ne, jikka 20 na sefa ba kaɗan, kuma tun 2023 an ƙayyade mutum 20,000 a yini, kowa da sa'ar da aka rubuta masa. A sayi na ƙarfe 8 na safe. Akwai na'urar hawa ta gefen arewa don masu lalura, sai dai a buga waya a tabbatar tana aiki ran nan, don iska mai ƙarfi na sa a tsayar da ita. Abin da 'yan jagora kan wuce da sauri: Fartenon, babban haikalin da ke kan tudun, da aka gina tsakanin 447 da 432 kafin Annabi Isa ya zama coci, daga baya ya zama masallaci zamanin Daular Usmaniyya. A 1687 sojan Banis, birnin da ke Italiya a yau, suka harbo shi alhali an ajiye albarushi ciki, shi ne rufin ya tarwatse.

Hajiyar Sabon Gari:
Malam ya gama da kufai, bari in ɗauki Meteyora, don nan ne kamfanoni suka fi yi wa mutane rufa-rufa. Gidajen zuhudun sun kai 24 a da, yanzu 6 ke aiki, kowanne a kan tsinin dutse. Kafin a sassaƙa matakala a shekarun 1920, da tsanin igiya ake hawa, ko a saka mutum cikin raga a jawo shi kamar guga. A gidan Barlam har yau ana ganin hasumiyar da ake jan ragar.

Rangadi irin naku gida 2 kawai ake shiga, kuma ranar da kuka iso ita ke zaɓa muku, don kowane gida da ranar hutunsa. A tsarin lokacin zafi Agiyos Istefanos na rufe Litinin, Babban Meteyoron Talata, Rusanu Laraba, Agiya Tiriyada Alhamis, Barlam Juma'a. Lokacin sanyi ranakun rufewa na ƙaruwa. Ga inda abin ya shafe ku, ƙanena: Agiyos Istefanos ne kaɗai ba matakala, 'yar gada ce daga inda kar ke tsayawa sai ƙofa. In tsarinku ya kawo ku Litinin, Inna a mota za ta wuni. Agiya Tiriyada matakala wajen 140 ce bayan an gangara kwari, Babban Meteyoron ya fi haka. Saboda haka ka ƙirga kwanakin da yatsa, ka sa su rubuta maka sunan gidajen da za a shiga.

Sutura ba matsalarku ba ce. Zane da hijabi sun wuce abin da suke nema, wato siket har ƙasan gwiwa da rufe kafaɗa. Mace mai wando ita ake miƙa wa ɗan zanen ɗaurawa a bakin ƙofa. Namiji dogon wando. Abin kula shi ne bakin zane a kan matakala, a ɗan ɗage shi, a sa takalmi mai ƙasan roba mai kama ƙasa. Silifas da takalmin fata mai sulɓi su ke kayar da mutane. Kuɗin shiga yuro 5 kowane gida, a hannu, a riƙe canji. Ba a ɗaukar hoto cikin cocin, kuma masu gidan suna ibadarsu, a sassauta murya.

Mai Biyan Tikiti:
Ni ban yarda a fara da maganar matakala ba, Alhaji. Biza tukuna. Shigarka Turkiyya ba ta ba ka shiga Girka, bizar Shengen ta ƙasashen Turai ake nema: yuro 90 kowane babba, wajen jikka 59, da inshorar lafiya mai ɗaukar yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata 3 bayan ranar fitowa da shafi 2 babu hatimi. Girka ba ta da ofishin jakadanci a Yamai, na Abuja ya fi kusa da mu. Rubuta musu ka ji inda za a ajiye takardu tun da wuri, ana karɓa tun wata 6 kafin tafiya. Kada ka biya kuɗin rangadi duka sai da yarjejeniyar mayarwa in biza ba ta fito ba.

A takardar tsarin, raba tsakanin "ziyara" da "gani". Gani na nufin ta tagar kar. Tambayi ko kuɗin shiga wurare na ciki, ko ɗan jagoran mai lasisi ne, don a Girka mai lasisi kaɗai ke da izinin yin bayani cikin wuraren tarihi, da kuma harshen da zai yi. Yawancin karori Ingilishi ne, Faransanci sai wasu ranaku. Akwai harajin otal da ake biya a teburin karɓar baƙi, daga Afrilu zuwa Oktoba yuro 5 kowane dare a ɗakin tauraro 3, yuro 10 a tauraro 4. Rana ta ƙarshe daga Kalambaka, garin da ke gindin Meteyora, zuwa Atina kilomita 350 ce, a nema wa Inna kujerar gaba.

Kada ka ce mu 'yan Maradi ne, rana ba ta ba mu tsoro. Yuli da Agusta farin dutse ke mayar da zafi ta ƙasa, ba inuwa, har hukuma kan rufe Akrofolis da tsakar rana. Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi, sai dai wuraren tarihi na rufe ran 1 ga Mayu da Lahadin Istarsu.

Hajiyar Sabon Gari:
Na manta abinci. Tsirensu da suke kira sublaki, da giros mai kama da shawarma, in ba a faɗa ba naman alade ne. Kalmar alade "hirino", kaza "kotofulo". Mai son kauce wa shakku ya tsaya ga kifi, miyar wake, shinkafa da salatin tumatir da cuku, ya tambaya ko an zuba giya a miya. A sanar da kamfanin a rubuce tun yanzu, don abincin dare a otal tun kafin ku iso aka tsara shi. Masallacin hukuma na Atina a unguwar Botanikos yake, an buɗe shi a 2020; a hanya ba za ku samu ba, sai kasaru da haɗa salla a otal ko inda aka tsaya cin abinci. Kuma a gaya wa Inna kada ta tsinci ko ɗan tsakuwa ta kawo wa jikoki tsaraba, laifi ne da ake kai mutum gaban alƙali a kansa.