Shawarwarin da suka fito a tattaunawa kan tiyatar gyaran fuska da wuya

Abin da aka fi nanatawa shi ne kumburin muƙamuƙi ko na wuya da ba ya ciwo. Rashin zafin ne ke sa mutane sakaci har ƙarin ya cinye ƙashi. Likitocin sun ce kada a kai wa wanzami ya tsaga. A je asibiti a ɗebi ɗan nama a gwada kafin a yi maganar aiki.

In an cire ƙashin muƙamuƙi, akan ɗauko siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa a dasa, kuma mutum zai ci gaba da tafiya. Amma dole mai shan taba ya daina, domin taba na tsuke jijiyoyi, dashen ya mutu.

Maganar cutar noma, wadda ke cinye naman baki da fuskar yara, ta fi taɓa ni. Iyaye kan matsa a ɗinke fuskar yaro nan take, alhali sai gyambon ya warke yaron ya murmure. Asibitin yara na noma da ke Sakkwato, wanda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke tallafa wa tun 2014, yana yin aikin kyauta, sau da yawa a matakai. Bayan aiki, kada a bar atisayen buɗe baki, in ba haka ba muƙamuƙin ya sake ƙagewa.