Atishawa ta lafa, amma hancina ya ƙi buɗewa

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina fama da abin da na ɗauka mura ce, har likita ya shaida mini cewa alajin hanci ne, wato hancina ba ya jure wasu abubuwa irin su ƙura. Ina aiki a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, kuma da zarar na buɗe akwati sai atishawa ta yi ta zuwa a jere, majina tana zuba, idanuna suna ƙaiƙayi. Na nemi a sauya mini wurin aiki, aka ce in yi haƙuri, ga shi ba ni da halin ajiye aikin saboda ɗawainiyar iyali. Ƙwayar setirizin ta tsayar da atishawar, amma da dare hancina yana toshewa har in kwana ina numfashi ta baki, in tashi maƙogwarona a bushe. Ina da wani maganin feshi da nake samun sauƙi da shi. Shin in ƙara yawan ƙwayar ne?

Wani mamba, mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ƙara, domin ƙwayar ta riga ta yi iyakar aikinta. A fatar cikin hanci akwai ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast, kuma a jikin mai alaji suna ɗauke da sinadarin kariya mai suna IgE. Idan ƙura ta taɓa shi, sai su saki histamin cikin 'yan mintoci, shi ne mai tsokano jijiyoyi ya kawo atishawa da ƙaiƙayi da yoyon majina. Setirizin tana tare wurin da histamin yake sauka ne kawai. Amma waɗannan ƙwayoyin suna sakin wasu sinadaran kumburi, irin su likotirayin da furostagilandin, masu buɗe magudanan jini har naman cikin hanci ya kumbura. Bayan kamar awa 4 zuwa 8 kuma, wasu sinadaran aika saƙo, cikinsu har da IL-5, sukan jawo fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, sai kumburin ya dawo da sabon ƙarfi. Saboda haka ƙurar da kika shaƙa da rana ita ce take toshe miki hanci da dare. Wane maganin feshi kike nufi, kuma tun yaushe?

Mai neman shawara: Oksimetazolin ne, Malam, kuma na kwashe watanni ina fesa shi. Likitan ya rubuta mini wani feshin mai suna fulutikason, na gwada ban ji komai ba, da na ga kuma sitiroyid ne, wani nau'in maganin kumburi da zuciyata ba ta kwanta da shi ba, sai na ajiye shi.

Wata mamba: Allah ya ba ki lafiya. Ni abin da yake ƙona mini rai shi ne yadda wani mai sayar da magani ya yi ta ɗora ni a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali babu wata ƙwayar cuta a lamarin, har cikina ya lalace. Tun daga nan na daina shan komai. Ina wanke hancina da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, kuma shawarata ki watsar da magungunan nan gaba ɗaya.

Mai harhaɗa magunguna: Hajiya, wankin hanci yana da amfani ƙwarai domin yana fitar da ƙura da majina, amma ba zai kwantar da kumburin da ya riga ya zauna ba. 'Yar'uwa, oksimetazolin yana matse magudanan jini ne na 'yan awanni, bai taɓa ko ɗaya daga cikin sinadaran da na lissafa ba, kuma idan an wuce 'yan kwanaki ana fesa shi, hanci yakan ƙara toshewa duk lokacin da ƙarfinsa ya sake. Wanda kika ajiye shi ne yake rage sinadaran kumburin tun daga tushe, sai dai yana bukatar a fesa shi kullum, kuma cikakken amfaninsa yakan kai mako 2 kafin ya bayyana. Abin da yake shiga jini daga gare shi kaɗan ne ƙwarai. A karkata bakin kwalbar zuwa ɓangaren kunne, nesa da bangon da ya raba kafofin hanci, don gudun haɓo.

Wani mamba: Tun da likotirayin aka ambata, me zai hana ta sha montelukas, maganin da yake tare aikinsa? Ɗana mai asma shi yake sha, kuma mun ga canji.

Mai harhaɗa magunguna: Ɗan'uwa, ɗanka asma gare shi, nata kuwa hanci ne, kuma a nan montelukas bai kai feshin sitiroyid ƙarfi ba. A shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani saboda matsalar barci da sauyin hali da ake gani ga wasu, ta kuma ce kada a fara da shi wajen alajin hanci. Ita 'yar'uwar tamu ta koma wurin likitanta ya tsara mata yadda za ta janye oksimetazolin, ya kuma duba ko akwai tsiro a cikin hancin.

Mai neman shawara: Na gode, Malam, na kuma fahimci bayanin. Sai dai ku da kuke cewa in jira mako 2 ba ku san yadda dare yake yi mini tsawo ba, ga aiki yana jirana da safe. Feshin da kuke kushewa shi kaɗai ne yake ba ni barci, kuma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da sitiroyid ba. Babu wata ƙwayar da za ta tare dukkan sinadaran nan a lokaci guda, in huta da feshi?

Wata mamba dabam: Nima amsar wannan tambayar nake jira, domin 'yata ta fara irin wannan atishawar.